Facin da na ƙi yi

Da kuɗin fatar akuya aka buɗe shagona. Kawuna, wan mahaifiyata, yana fataucin fata tun ban san kaina ba. Yana bin kasuwannin Achida da Illela da Gwadabawa yana tara fatun jar akuya, a zuba musu gishiri, a ɗaure, a loda mota zuwa kamfanonin jima na Kano. Yakan ce wannan fata tamu ta Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don kawai ta can take isa gare su bayan ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma. A 2015, shekarar da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, na gama difloma ina zaune babu aikin yi. Ya kira ni zaurensa bayan la'asar, ya turo mini kuɗi a ƙunshe cikin leda, ya ce in je in nemi shago. Bai rubuta komai ba, bai kira shaida ba.

Na kama shago a Mabera. Kwamfutoci shida 'yan gwanjo, duka da Windows 7, da firinta, da injin fotokwafi, da ƙaramin janareta. Ɗalibai na zuwa duba sakamako da cike takardun makaranta, masu bautar ƙasa na zuwa rajista, da aka buɗe N-Power a 2016 har waje ake layi. Allah ya sa wa abin albarka, a cikinsa na yi aure.

A 2017 kamfanin da Kawu yake kai wa fata a Kano ya ce daga yanzu ta imel za a riƙa aiko takardar kuɗin kaya. Kawu yana karanta Larabci da ajami kamar ruwa, amma boko bai zauna masa ba. Ni na buɗe masa imel ɗin. Duk lokacin da mota ta tashi sai ya zo ya zauna a bencin da ke gefen teburina, yana faɗin adadin fatu da farashi ina bugawa. Ranar farko na rubuta masa kalmar sirrin a takarda na miƙa masa, sai ya mayar mini da ita. Ya ce, "Riƙe, ɗana. Kai da ni duk ɗaya na." Da burauzar Chrome, manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta tambaya ko ta adana kalmar sirrin, na ce ta adana. A kwamfuta ta ɗaya ke nan, wadda ke kusa da ni. Da tafiya ta yi tafiya, haka na yi wa mutane da yawa, malaman makaranta, 'yan fansho, matan aure da mazajensu ke kawo su cike wani abu. Suna mantawa, ni kuma ina ganin taimako nake yi.

Abin da ya jawo komai ya faru a watan Agusta na 2019, kuma a lokacin ban ɗauke shi wani abu ba. Na sayi datar wata guda ranar Litinin, kafin Alhamis ta ƙare ƙaf. Da mai gyaran da nake kira ya duba, ya ce kwamfutocin ne ke sabunta kansu, kowace tana janyo nata daga intanet, Windows na yi, Chrome na yi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga kuɗin fetur, ga haya, ga tawadar firinta, sannan inji ya zauna yana shan data ba tare da an sa shi ba. Na ce ya toshe. Ya tambaye ni, duka? Na ce duka. Cikin rabin awa ya kashe duk wata hanyar sabuntawa a kwamfutoci shida, na biya shi, na ji kamar na kama ɓeran da ke ci mini hatsi. Ba na ɗora masa laifi. Abin da na sa shi ya yi.

Ina da ƙanwa da take karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a lokacin. Idan ta taso daga makaranta takan biyo ta shago ta buga aikinta. Ita ta fara lura. Ta ce, "Yaya, burauzarka ta tsaya ga 76, mi ya hana ta tahiya?" Lambar fitowar Chrome take nufi, wadda ke ƙaruwa idan an sabunta. Na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin abin da ya faru a watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ta ce abin da ya fi ba ta takaici shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar da manhajar ta shiga ta cikinta tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya auku. Waɗanda suka liƙa facin sun kwana lafiya. Na ce mata wannan Ingila ce, wa ya san da wani shago a Mabera? Ta sake yi mini magana a Janairun 2020, da Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga watan. Na ce kwamfutocina suna aiki, ba abin da ya same su. Ta ƙara sau ɗaya ko biyu, daga nan ta bari, don ƙanwa ce, akwai iyakar inda za ta tsaya wa yayanta.

Alamu sun yi ta zuwa. Wasu shafuka suka fara rubuta cewa burauzata ta tsufa. Wasu suka ƙi buɗewa sam, sai in ɗauko wayata in ƙarasa aikin a kanta. Kowace alama na samo mata hanyar kewayewa.

A ƙarshen 2022 aka yi gasar cin kofin duniya a Katar. Duk wanda yake Sakkwato a lokacin ya san yadda gari ya koma bayan Maroko, musamman da suka fitar da Fotugal ranar 10 ga Disamba. Daren 14 ga wata, da za su kara da Faransa, babu wuta a unguwa, gidan kallon da ke kusa da mu ya cika har ba wurin tsayawa. Samarin layinmu suka roƙe ni in tada janareta. Wani daga cikinsu ya san wani shafi da ake kallon wasa kyauta. Kwamfuta ta ɗaya ce mai babban allo, a kanta muka buɗe. Shafin cike yake da tallace-tallace, wannan ya buɗe, wancan ya rufe, hoton na tsayawa yana tafiya. Ni ne a kan kujera, ni ke riƙe da linzamin, kuma na san ban sauke komai ba, ban amsa wa komai ba. Faransa ta ci biyu, aka watse jiki a sanyaye, na kashe janareta na rufe shago.

Sai watan Fabrairu na 2023, lokacin canjin kuɗi. Ba sai na tuna wa kowa wannan wahala ba. Tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 ana gudunsu, sababbin babu su, mutane na kwana a bakin banki, tura kuɗi ta waya kuma sai an yi sa'a. Kawu ya aika mota guda Kano a ƙarshen Janairu, kuɗinta naira miliyan 4 da dubu 300. Mafi yawan fatun bashi ya karɓo su daga mahauta da ƙananan dillalai na ƙauye, mutanen da ke ba shi kaya a kan kalmarsa kawai. Mako biyu ba labari. Yakan zo mu buɗe imel, ba saƙon kamfanin ko ɗaya, muka ɗauka matsalar bankuna ce. Da ya gaji ya kira mai kamfanin da kansa. Mutumin ya ce, Alhaji, ai mun biya tun kwana tara, a sabon asusun da ka aiko.

Sun turo mana hoton wasiƙar. Daga imel ɗin Kawu ta fito, da kan takardarsa, da irin gaisuwar da nake buɗe masa wasiƙa da ita, har da yadda nake rubuta adadin fatu. Ta ce saboda matsalar da bankinsa ke fama da ita a wannan lokaci, a tura kuɗin wannan mota a wani asusu. A watan da kowa ke kuka da bankinsa, wane akawu ne zai yi shakka? Da aka bi sawu ta banki, an riga an rarraba kuɗin zuwa wasu asusai tun ranar da suka shiga.

Kawu yana da yaro da ya shekara goma sha ɗaya tare da shi, magidanci mai 'ya'ya uku. Shi ke raka mota Kano, shi ya san ranar da kaya suka isa da nawa ne kuɗinsu, kuma ya ɗan yi boko. Ba zan faɗi sunansa ba, ya sha isasshen tonon asiri. Zargi ya faɗa kansa nan take. 'Ya'yan Kawu suka kai ƙara, ya kwana biyu a tsare kafin a yi belinsa. Ni ko a mafarki ba wanda ya kawo ni cikin lissafi. Ni ɗa ne.

Ƙanwata ta riga ta gama karatu a lokacin, tana aiki. Da ta ji labari wurin Inna, ta zo shago ranar Asabar da kwamfutarta, ta ce in rufe ƙofa. Ta fara da imel ɗin Kawu. A cikin saitinsa ta nuna mini wata ƙa'ida da aka kafa, wadda ni ban kafa ba: duk saƙon da ya zo daga kamfanin Kano a tura kwafinsa wani adireshi, sannan a ɓoye shi. Shi ya sa muke buɗewa ba mu ganin komai. Sun yi kusan wata biyu a ciki suna karanta cinikin Kawu, suna jiran mota ta tashi. Daga nan ta koma kan kwamfuta ta ɗaya. Ta daɗe tana bincike ba ta ce uffan ba. Can ta juyo da allon wajena. Wata 'yar manhaja ce a ɓoye cikin wani lungu, irin wadda aikinta kawai ta kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana ta aika wa mai ita. Ranar da ta shiga tana rubuce a gefenta: 14 ga Disamba 2022, da dare. Ta buɗe tarihin burauza na wannan dare, ga shafin ƙwallo.

Na ce mata wallahi ban sauke komai ba. Ta ce ta yarda, ba sai na sauke ba.

Yadda ta bayyana mini shi ne ya zauna a kaina har yau. Ta ce burauza zaure ce. Duk shafin da ka buɗe baƙo ne ka shigo da shi, kuma ba hannu rabbana yake zuwa ba, yana ɗauke da nasa umarnin da burauzarka za ta aiwatar, har tallan da ke gefen shafi haka yake. Masu ƙera burauza sun gina bango tsakanin zauren da cikin gida, don baƙo ya yi abin da ya kawo shi ya tafi bai ga ɗakin kowa ba. Amma ginin mutum ne, layukan umarni miliyoyi, dole a samu inda ya tsage. Kullum ana gano sabuwar tsaga, kullum ana liƙewa. Liƙin nan shi ne abin da na kira shan data. A 2022 kaɗai, sau tara Google yana fitar da facin gaggawa na ɓarakar da aka tarar 'yan kutse sun riga sun fara shiga ta cikinta a Chrome. Duniya tana kan 110 a wannan wata na Fabrairu, ni ina kan 76, shekara uku da rabi ba a taɓa bangon ba, ga Windows ɗin da ke bayansa shi ma an daina yi masa yaɓe.

Sai ta faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce kuma aka sanar da ɓarayi inda ramin yake. Tushen Chrome a buɗe yake ga kowa, mai son sani zai ɗora tsohon a kan sabon ya ga daidai wurin da aka gyara, ya ƙera abin shiga ta nan, ya saya wa kansa gurbin talla a shafukan kallon ƙwallo da na sauke fina-finai, ya zauna. Ba ya neman Mabera, bai san da ita ba. Tarko ya kafa a hanya, mai sabuwar burauza ya wuce bai ji komai ba, mai tsohuwa ya faɗa. Ta ce, "Yaya, sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Naka bangon, kowa ya san inda yat tsage, an rubuta an buga."

Kwana uku na yi da wannan magana a cikina. Wannan ne abin da ya fi yi mini nauyi a duk labarin, ya fi kuɗin. Na san yaron Kawu bai ci ko sisi ba, na san matarsa ba ta iya fita unguwa, kuma na yi shiru. Ina ce wa kaina ai ba ni na sata ba. Ina ce wa kaina idan magana ta fita ba mai sake shigowa shagon. Ƙanwata ba ta gaya wa kowa ba, amma ta daina ɗaga wayata. A dare na uku na je wurin Inna na zayyana mata komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tashi ka tai wurin kawunka yanzu, kada ka bari a kira assalatu wancan bawan Allah na cikin zargi."

Na same shi a zaure bayan isha'i, shi kaɗai, da rediyo a gefensa. Na durƙusa na faɗa masa tun daga datar 2019 har daren ƙwallo. Bai gane zancen burauza ba, kuma bai nemi ya gane ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Kana nuhin yaron ga ba shi da hannu?" Na ce ba shi da shi, Kawu, ta wurina anka shiga. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "An hwaɗa maka ka gyara?" Na ce an faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Ya ce, "To." Ya miƙe ya sa takalminsa, ya ce in ɗauko mashin. A daren muka je gidan yaron. Na ga Kawu, mai shekara kusan saba'in, ya tsaya a ƙofar gidan yaronsa yana neman gafara, muryarsa na rawa. Ni ma na nema. Mutumin ya ce ya yafe wa Alhaji. Ni bai ce mini komai ba, kuma bai koma aikin ba. Yanzu yana sayar da albasa. Idan muka haɗu muna gaisawa, iyakarta ke nan, kuma ba ni da bakin neman fiye da haka.

Mai kamfanin Kano ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na asarar saboda daɗewar hulɗa. Sauran, Kawu ya sayar da filinsa ya biya mutanen ƙauye, bai bari ko ɗaya ya bi shi ba. Bai taɓa ce mini in biya ba. Ni na yanka wa kaina abin da nake kai masa duk ƙarshen wata, har yanzu ban kai rabi ba.

Na rufe shago mako biyu. Aikin farko shi ne kiran duk wanda na taɓa adana kalmar sirrinsa, mutum arba'in da 'yan kai, ina gaya wa kowa da bakina cewa ta fita, ya zo mu canza, mu kuma haɗa asusun da lambar wayarsa yadda ko an sace kalmar ba a shiga sai da saƙon da zai zo masa. Wasu sun yi godiya, wasu sun zage ni, wasu ba su sake dawowa ba. Kwamfutocin kuwa ba su gyaruwa yadda nake so, don Chrome 109 ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, daga 110 sai Windows 10. Na goge su tas, na sayar da su shida, na cika kuɗi na sayi uku.

Yanzu ba a adana kalmar sirrin kowa a shagona, har tawa. Kowa ya zauna, a shafin baƙo yake aiki, ya tashi komai ya goge. Ba a kallon ƙwallo. Sabuntawa a buɗe take, kuma na gano abin da ya kamata in nema tun 2019 maimakon toshewa: datar dare tana da sauƙi, sai in bar manyan sabuntawa su sauka a lokacin. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke fitar da facinsa, don haka Laraba da safe kafin in karɓi kowa nake bin injinan ɗaya bayan ɗaya. Chrome kan sauke nasa da kansa, amma facin ba ya kamawa sai an rufe burauzar an sake buɗewa. Akwai 'yar alama a kusurwar sama ta dama da ke nuna haka, tana farawa kore, ta koma ruwan lemo, idan ta kai mako ta zama ja. Nakan ga ta ja a kwamfutocin mutanen da ke kawo mini aiki, ma'aikata da malaman jami'a, sun yi makonni suna rufe murfin kwamfuta kawai ba su kashe burauzar ba. Ba na iya yin shiru. Wani ya ji, wani ya ce sauri yake yi.

A watan Satumba na 2023 ƙanwata ta kira ni da dare. An gano ɓaraka a yadda ake buɗe wani nau'in hoto da ake kira WebP, kuma ta shafi Chrome da Firefox da Edge gaba ɗaya, hoto kawai ya isa a shiga da shi. Na tashi na koma shago da fitilar waya, na tada janareta, ban kwanta ba sai da injina uku suka hau sabo. Da wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, biyu sun riga sun koma Windows 11. Ta ukun ba ta iya ɗauka, sai na cire ta daga intanet, buga takardu kawai take yi.

Kawu bai sake zama a bencin nan ba. Autansa ne ke aika masa takardun Kano ta waya, kuma ya kafa wa kamfanin sharaɗi cewa ko wasiƙa ta zo da hatiminsa, kada a canza lambar asusu sai an ji muryarsa. Shekara guda cur bai yi mini zancen kwamfuta ba, ni ma ban yi masa ba. Sai ranar wata ƙaramar salla, mun je gaisuwa, an ci an sha mutane sun fara tashi. Na yunƙura zan bi su, ya ce in dakata. Ya laluba aljihun babbar rigarsa ya ciro wayar, ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini.

"Duba man wagga, ko tana son hwaci."

Na karɓa da hannu biyu. Na shiga Play Store, akwai sabuntawa goma sha ɗaya suna jira, har da Chrome. Na kunna datar wayata na haɗa masa, muka zauna a zaure ni da shi muna jira su sauka.